Kafin a binne kebul ɗin taransifoma a Malanbil

Mai injin casar shinkafa a Malanbil, garin da ke kallon Gaya daga gaɓar Kwara, in harka ta buɗe masa sai ya sayi taransifoma mai layi uku ta kansa. Daga nan maganar kebul ɗin da zai ɗauko mata wuta daga turken kamfanin SBEE ke tasowa, kuma a nan ake yawan tafka kuskure.

A ce taransifomar mai kVA 630 ce, layin kuma na kilobolt 33. A raba 630 da 33, a sake raba abin da ya fito da 1.73, za a samu amfiya 11 kacal, kaɗan ta ɗara abin da babban dutsen guga ke ja. A ɓangaren bolt 400 da ke shiga injina kuwa, amfiya ta haura 900. Wanda ya tsaya kan 11 ɗin nan zai ce siririyar waya ma ta wadatar. Ba ta wadatar ba.

Ranar da wayoyi suka haɗe ake yi wa tanadi. A wannan lokaci dubban amfiya ke kwarara cikin kebul kafin na'urar katse wuta ta yi aikinta. Robar XLPE da ke lulluɓe da wayar tana jure digiri 90 a aikin yau da kullum, a lokacin haɗewa kuma iyakarta 250. Kowane murabba'in milimita na alminiyam yana ɗaukar amfiya 94 na daƙiƙa ɗaya, na jan ƙarfe 143. To in haɗewar ta kai amfiya 10,000 kuma ta yi daƙiƙa guda, alminiyam na bukatar murabba'in milimita 106, wato a sayi mai 120. Jan ƙarfe mai 70 zai tsira, amma da ƙyar. Siraran wayoyin da suka zagaye kebul ɗin ta ciki, waɗanda ake haɗawa da ƙasa, su ma da nasu lissafin.

Sai kaurin roba: layin kilobolt 33 na son kebul da aka rubuta wa 36 a jikinsa. Na kilobolt 20, ko da a rabin kuɗi aka samu, asara ce.

Teburan masu ƙera kebul galibi sun ɗauka zafin ƙasa digiri 20 ne, na iska 30. Duk wanda ya ga watan Afrilu a Malanbil, inda zafi ke wuce 40, ya san sai an rage amfiyar da teburan suka bayar. Ga kuma ambaliyar damina a gefen fadama, don haka a nemi kebul mai hana ruwa bin cikinsa.

Kafin ka biya ko dala, ka sa injiniyanka ya karɓo abu biyu daga SBEE a rubuce: ƙarfin wutar haɗewa a wurin, da tsawon lokacin da na'urarsu ke ɗauka kafin ta katse.