Titin Aminu Kano a Wuse II: Yadda gidajen kwana suka rikiɗe zuwa shaguna

Duk ma'aikacin da wayarsa ta taɓa lalacewa a Abuja ya san Titin Aminu Kano. A nan Banex Plaza take, inda matasa ke tare mai wucewa tun kafin ya samu wurin ajiye mota, suna tambayarsa ko saye zai yi ko gyara. Daga can har ƙarshen titin, bankuna ne da wuraren cin abinci da otal-otal da shagunan kayan sawa. Baƙon da ya zo yau zai yi wuya ya yarda cewa akasarin filayen da ke bakin titin nan an yanka su ne domin gidajen kwana.

Kafin zuwan injinan share ƙasa, Wuse ƙauyen Gbagyi ne. Bayan da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Dokar Soja mai lamba 6 a ranar 3 ga Fabrairun 1976, wadda ta samar da sabon babban birnin tarayya, an tashi mutanen ƙauyen zuwa Sabon Wuse da ke Jihar Neja. Taswirar birnin da aka kammala a 1979 ta sanya Wuse cikin kashi na farko na ginin Abuja, tare da Garki da Maitama da Asokoro. Tsarin ya raba wurin kwana da wurin ciniki: kowace unguwa da cibiyarta, mai makarantar firamare da 'yan shagunan cefane, manyan harkoki kuwa a tsakiyar birni.

Haka titin ya fara rayuwa, musamman bayan 12 ga Disamban 1991, ranar da Janar Ibrahim Babangida ya dawo da fadar gwamnati daga Legas. Ma'aikacin da ya samu gida a Wuse II kan isa ofis cikin 'yan mintuna, ya dawo cin abincin rana, yaransa su tafi makaranta a ƙafa.

Abubuwa biyu ne suka sauya wannan yanayi. Na farko, tsakiyar birnin da aka ware wa kasuwanci ya yi jinkirin ginuwa, 'yan kasuwa kuma ba su jira ba, suka bi inda akwai titi da ruwa da wuta da masu saye. Na biyu shi ne manufar gwamnatin Obasanjo ta 2003, wadda ta mayar da alawus-alawus na gida da mota zuwa kuɗi a cikin albashi. Daga 2005, lokacin da Malam Nasir El-Rufai ke ministan Abuja, aka shiga sayar da gidajen gwamnati, mazauna ciki na da damar farko. Ma'aikata da dama sun ci bashin banki suka saya. Da bashin ya matsa, ga ɗan kasuwa a bakin ƙofa da kuɗin da albashin shekaru ba zai tara ba, sai wasu suka sayar, wasu suka ba da haya. Aka rushe katanga, falo ya zama shago, lambu ya zama wurin ajiye motoci. Duk gidan da ya sauya kan ƙara wa maƙwabcinsa hayaniyar janareta da cunkoso, har shi ma ya haƙura ya tashi.

Cinkoson jama'a ya zo da nasa haɗarin. A ranar 25 ga Yunin 2014 bam ya tashi a Emab Plaza da ke kan titin, ya kashe aƙalla mutum 21.

Shekara da shekaru hukumomin birnin na kallon wannan sauyi a matsayin karya doka, amma kasuwa ta ci gaba da yaɗo. A watan Satumban 2025 Hukumar Gudanarwar Abuja, ƙarƙashin Minista Nyesom Wike, ta lissafa Titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola da Titin Gana na Maitama cikin wuraren da aka sauya amfanin fili ba da izini ba. Ta ba masu kadarorin kwana 30 su biya tarar Naira miliyan 5 kowannensu, su kuma karɓi sabbin takardun da suka dace da abin da suke yi a filin. Ma'anar wannan mataki ita ce gwamnati ta amince titin ba zai koma yadda aka zana shi ba.

Ma'aikatan da aka tsara irin waɗannan unguwanni dominsu yanzu suna Kubwa da Lugbe da Karu, wasu har Mararaba da Suleja. Da yawansu na fita bayan sallar Asuba don gudun cunkoson hanyar Nyanya, kuɗin mota na cinye kaso mai tsoka na albashi. Titin da aka sa wa sunan Malam Aminu Kano, jagoran NEPU da PRP wanda ya rasu a 1983 yana fafutukar talakawa, ya zama wurin da ƙaramin ma'aikaci ke zuwa gyaran waya kawai, ya yi sauri ya nemi motar komawa gida kafin magariba.