Tarayyar COGES: muryar uwayen yara ce ko ƴar aiken hukuma?

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, gwamnati na sanar da komawa lakwal a faɗin Nijar. Sai dai a ƙauyuka da dama na jihohin Maradi, Damagaram da Tawa, karatu ba ya kankama sai an gama girbi, domin da karan hatsi ake kafa azuzuwan zana. Masu tara karan, su nemo itace, su kira gayya, su ne uwayen yara ta hannun kwamitin kula da makaranta da kowa ya sani da sunan COGES.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, waɗannan kwamitoci suna da uwa a matakin ƙaramar hukuma. Ita ce tarayyar COGES, wadda ma'aikatan ilimi ke kira FCC. Ita ke zama da shugaban ƙaramar hukuma da sufetan makarantu da sarakuna, ta yi magana da sunan uwayen yaran yankin baki ɗaya. To wa ya ba ta wannan baki, kuma ina iyakarsa?

Daga Tawa zuwa ƙasa baki ɗaya

Dokar tsarin ilimi ta 1998, wato LOSEN, ita ta buɗe wa al'umma ƙofar shiga tafiyar da makarantu. A farkon shekarun 2000 aka soma kafa COGES a wasu makarantu, amma da yawansu suna ne kawai. A wurare da dama maigari ko wani mai faɗa a ji ke nuna wanda zai shugabanta, sauran jama'a su ce amin.

A 2004 hukumar haɗin gwiwa ta ƙasar Japan, JICA, ta ƙaddamar da shirin makaranta ga kowa a jihar Tawa tare da ma'aikatar ilimi, daga baya ya shiga Damagaram. Ginshiƙan shirin ba su da yawa: a zaɓi wakilai ta hanyar ƙuri'ar sirri, a tsara aikin shekara a gaban taron gari, a dawo a faɗi abin da aka tara da abin da aka kashe. A 2007 aka yaɗa tsarin zuwa sauran jihohi. A 2012 aka sauya wa kwamitocin firamare suna zuwa CGDES, ko da yake har gobe COGES bakin jama'a ya riƙe.

A cikin kwamitin akwai wakilan ƙungiyar uwayen yara ta APE, da wakiliyar ƙungiyar uwaye mata ta AME, da daraktan makaranta, da wakilin malamai. Kwamitocin ƙaramar hukuma guda su ke tura wakilai babban taro, su zaɓi shugabannin tarayya, su kuma riƙa zuba kuɗin da ake tafiyar da ita.

Aikin da tarayya ke yi

Ƙauye guda idan ya kai kukan rashin malami ko rashin tebura, sau da yawa kukan yana tsayawa a aljihun darakta. Idan tarayya ta haɗa rahoton makarantu masu yawa ta ajiye gaban sufeto da hukumar gari, ba a iya kau da kai cikin sauƙi. Tsintsiya da ɗaurinta take shara.

Tarayya ce ke tattara tsarin aiki da rahoton ƙarshen shekara na kowane kwamiti, ta gano wanda ya yi barci ta tashe shi. Ita ce kuma tsanin da ake bi wajen tarukan jiha, inda gwamna, sarakuna, shugabannin ƙananan hukumomi da jami'an ilimi ke zama su ɗauki alkawari kan matsala guda, kamar sanya ƴaƴa mata makaranta. Shugabannin tarayya su sauko da alkawarin ga kwamitoci, kwamitoci su kai shi dandalin gari. Cikin ƴan makonni maganar da aka yi a babban birnin jiha sai ta isa ƙauyen da mota ba ta zuwa da damina.

Inda ake sa mata ayar tambaya

Tambaya ta farko kan asali ce. Ƙungiyoyin malamai da ƙungiyar ɗalibai ta USN da kansu suka kafu, kuma suna da makamin yajin aiki. COGES da tarayyarsa kuwa takardar ma'aikatar ilimi ce ta haife su, jami'an ma'aikatar ke horar da su, su ke karɓar rahotonsu. Shi ya sa wasu ke ganin tarayya ta fi ƙwarewa wajen sauko da saƙon hukuma fiye da hawa da koken talaka.

Ta biyu kan wakilci ce. A karkara uwaye da yawa ba su yi boko ba, takardu kuma da Faransanci ake cika su. Hakan na sa alƙalami ya koma hannun darakta, wanda shi ma ma'aikacin gwamnati ne. Uwa ɗaya a cikin kwamiti ba lallai ba ne ta iya ɗaga murya gaban maigari da liman. Idan wa'adi ya cika ba a sake zaɓe ba, shugaban da ƴaƴansa suka daɗe da barin makaranta sai ya ci gaba da magana da sunan uwayen da ba su taɓa jefa masa ƙuri'a ba.

Ta uku kan iko ce. Tarayya ba ta ɗaukar malami, ba ta sauya masa wurin aiki, ba ta biyan ƴan kwantiragi da suka fi yawa a azuzuwa. Wani bincike da masu nazari biyu, Elizabeth Beasley da Elise Huillery, suka yi a makarantu 1000 na Tawa da Damagaram ya fito da wannan giɓi fili. An bai wa kwamitocin makarantu 500 tallafin kuɗi a ƙarshen 2007, kimanin dalar Amurka 200 kowace makaranta. Uwaye sun ƙara shiga harkar makaranta, an yi gyare-gyare, amma sakamakon jarrabawar yara bai ɗaga ba, fashin malamai ma ya ɗan ƙaru. Uwaye suna da niyya, abin da ba su da shi shi ne iko a kan malami.

Darasin azuzuwan zana

Ranar 13 ga Afrilun 2021 gobara ta kashe yara kusan 20 a wata makarantar unguwar Pays-Bas a Yamai. Ranar 8 ga Nuwamban shekarar, yara aƙalla 25 suka rasu a irin wannan gobara a Maradi. Duka biyun a azuzuwan zana ne. A lokacin hukumomi sun ce akwai irin waɗannan azuzuwa kimanin 36,000 a ƙasar.

Nan ne rawar tarayya ke da kaifi biyu. Duk rumfar da uwaye suka kafa tana hana yara zaman gida, amma kuma tana rage wa hukuma zafin neman ginin siminti. Tarayyar da ta tsaya ga tara kara da kuɗi kawai ta zama mai toshe ɓaraka. Wadda ta ƙirga rumfunan yankinta, ta rubuta, ta nemi a saka su cikin kasafin ƙaramar hukuma, ita ce ta cika sunanta na mai kare haƙƙin yara.

Bayan rushe majalisun ƙananan hukumomi

A watan Afrilun 2024 majalisar CNSP ta rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, ta naɗa kantomomi a madadin magadan gari. Kansilan da ɗan ƙauye kan tare a kasuwa ya faɗa masa matsalar lakwal babu shi a kujera yanzu. Wannan ya sa tarayyar COGES ta shiga sahun ƴan tsirarun wuraren da wakilci ke tasowa daga ƙuri'ar jama'ar gari, nauyin da ke kanta kuma ya ƙaru.

Ga matasan birni da ƴan ci-rani da ke Libiya, Aljeriya, Najeriya ko Kwaddebuwa, masu aiko da kuɗin gyaran aji ko sayen alli, akwai tambayoyin da suka cancanci amsa kafin a tura ko dala. Yaushe aka yi zaɓen ƙarshe, kuma da ƙuri'ar sirri aka yi shi? An karanta lissafin bara a gaban jama'a da harshen da suke ji? Mata nawa ke cikin shugabanci? Wane koke tarayya ta kai wa hukuma a bana, wace amsa ta samo?

Takardar minista ta bai wa tarayya kujera a teburin shawara. Amincewar uwayen yara kuwa ana sabunta ta ne a dandalin gari, ranar zaɓe da ranar lissafi.