Lissafin koleji a gonakin Tajaye

A koleji, ƴan ajin BEPC suna koyon cewa kowane miƙaƙƙen layi, in ban da wanda yake a tsaye, ana rubuta shi y = ax + b, kuma lambar a ita ce ma'aunin karkatarsa. Layuka biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba su haɗuwa, karkatarsu ɗaya ce. Waɗanda kuwa suka gitta juna daidai, kamar kusurwar bulo, idan aka ninka karkatar ɗaya da ta ɗayan sai a sami -1. Yara da dama sun ɗauki wannan darasi abin hadda kawai. Amma a Tajaye, cikin gundumar Illela ta jihar Tawa, a kansa amfanin gona ya rataya.

Ƙasar yankin fako ce da tsakuwa. In ruwan sama ya sauka, gudu yake yi ya tafi da ƙasa. A shekarar 1989, wani shiri na asusun FIDA ya kai manoman Illela ziyara Yatenga, a Burkina Faso. Bayan dawowarsu ramukan tassa suka yaɗu, tare da rabin wata da jerin duwatsu, har fakon da a da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa.

Ƙa'idar aikin guda ce: jerin duwatsu ya gitta hanyar ruwa daidai. A zana gonar a takarda mai gida-gida. Idan ruwa na tafiya gida 1 gabas, gida 2 arewa, karkatar hanyarsa 2 ce. Ta jerin duwatsu sai ta kasance -1/2, wato gida 2 gabas, gida 1 kudu. Muddin gangaren bai sauya ba, sauran jeruka duka -1/2 za su bi. Inda ƙasa ta lanƙwasa, sai a koma ga tiyo mai ruwa a ciki, wanda ke nuna wuraren da tsayinsu ya zo ɗaya.

Jerin da ya kauce wa wannan ma'auni ba ya tsai da ruwa: rakiya yake yi masa zuwa gefe guda, inda zai taru ya ɓalle ya haƙa kwazazzabo, wani zubin a gonar maƙwabci. Saboda haka ɗan kasuwar Ƙonni ko ma'aikacin Malbaza da ya sayi fako, ya biya ƴan ƙwadago da kuɗin jigilar dutse, ya kamata ya tambayi yadda aka auna kafin a aza dutsen farko. Ɗansa da ke koleji ma zai iya duba masa.