Rigimar Masu Basukur Da Masu Tafiya Ƙasa A Duwatsun Amurka

Arewa da birnin San Faransisko, a Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, akwai wani dutse da ake kira Tamalpais, wanda tsayinsa ya kai ƙafa 2,571. Dutsen nan da dazuzzukan da ke kewaye da shi mallakar jama'a ne, kowa yana da ikon shiga ya sha iska. Amma yau fiye da shekara 40 ke nan mutanen gundumar Marin, inda dutsen yake, suna ta ja-in-ja a kan magana guda, watau ko mai basukur yana da ikon bin turbar da mai tafiya ƙasa da mai doki suke bi, ko kuwa ba shi da shi. An yi tarurruka, an ci mutane tara, an je kotu ba sau ɗaya ba, har yanzu ƙurar ba ta lafa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka basukur ɗin da ake magana irin wanda ake zuwa ofis ko kasuwa da shi ne. Wannan keken hawan dutse ne, mai kaurin taya da giya da yawa da birki mai ƙarfi, kuma don wasa da motsa jini ake hawansa. Abin mamaki shi ne a gundumar nan ta Marin aka haife shi. A cikin shekarun 1970 waɗansu samari, cikinsu har da Gary Fisher da Joe Breeze da Charlie Kelly, suka riƙa tsinto tsofaffin kekuna na kamfanin Schwinn waɗanda aka ƙera tun wajen 1930 zuwa 1940, suna gyara su suna gangarowa da su daga kan duwatsu. Ranar 21 ga Oktoba, 1976, suka fara wata tsere kusa da garin Fairfax, a kan wata gangara mai tsawon kimanin mil 2 wadda take saukowa ƙafa 1,300. Saboda tsananin taka birki, kafin mutum ya iso ƙasa giris ɗin cikin birkinsa ya ƙone ƙurmus, sai ya sake cusa wani. Daga nan tseren ta samo sunanta na Repack, ma'ana sake cusawa.

Da abin ya tsaya ga samari ƙalilan, da ba wanda zai damu. To, amma a 1981 kamfanin Specialized ya fara ƙera irin wannan keke da yawa yana sayarwa a kantuna, kafin ka ce kwabo ya bazu ko'ina, har a 1996 aka shigar da tserensa cikin wasannin Olamfik a birnin Atlanta. Turbobin da masu tafiya ƙasa suka daɗe suna bi su kaɗai tare da mahaya dawaki, sai ga baƙi sun cika su.

Hukumomi suka tashi tsaye. Mafi yawan dajin dutsen Tamalpais, kimanin eka 20,000, yana hannun Hukumar Ruwa ta Marin ne, domin daga tafkunan cikinsa jama'a suke shan ruwa. Hukumar ta ce basukur ya tsaya kan faffaɗan hanyoyin da aka share domin motocin kashe gobarar daji, kada ya shiga siririyar turba, kuma kada gudunsa ya wuce mil 15 cikin sa'a. Har ta kai ga ma'aikatan daji suna tsayawa da na'urar auna gudu irin ta 'yan sandan kan titi. A 1987 Hukumar Gandayen Shaƙatawa ta Tarayya ta juya ƙa'idarta gaba ɗaya: da, kowace turba a buɗe take sai wadda aka rufe, yanzu kowace a rufe take sai wadda aka buɗe. Da aka yi aiki da wannan a gandun Golden Gate a 1992, masu kekuna suka rasa fiye da sulusin turbobin yankin Marin. Suka kai ƙara, amma a 1996 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta ba hukuma gaskiya.

KALMA GUDA CIKIN DOKA

Inda gardamar ta fi zafi kuwa, shi ne kan filayen da Amurkawa suka keɓe a matsayin ƙungurmin daji. Ranar 3 ga Satumba, 1964, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan Dokar Ƙungurmin Daji, wadda ta fara da eka miliyan 9.1, yanzu kuwa filayen da ke ƙarƙashinta sun haura eka miliyan 110. Dokar ta hana mota da jirgin ruwa mai inji da saukar jirgin sama a waɗannan wurare, sa'an nan ta ƙara da cewa ba a yarda da kowane irin abin sufuri mai na'ura ba. A kan wannan kalma ta na'ura aka yi shekaru ana kai ruwa rana.

Lokacin da aka rubuta dokar, keken hawan dutse bai zo duniya ba, saboda haka ba wanda zai ce ga abin da 'yan majalisa suka nufa game da shi. A 1966 Hukumar Gandun Daji ta Tarayya ta fassara kalmar da cewa abin da ake nufi shi ne abin hawan da ƙarfin da ke tura shi ba na mai rai ba ne. Bisa wannan fassara basukur ya kuɓuta, tun da ƙafar mutum ce ke tura shi. Daga baya hukumar ta yi ta canza ƙa'idojinta, har a 1984 ta tsaya kan hana shi ɗungurungum. Bahaushe dai ba zai sha wahalar yarda cewa keke na'ura ne ba, domin shi da kansa ya ba keken ɗinki da keken rubutu wannan suna. Amma masu kekunan Amurka suna cewa in haka ne, me ya sa aka bar kwalekwale da katakon sulu kan ƙanƙara? Kuma me ya sa aka bar doki, wanda ya fi keke nauyi nesa ba kusa ba? Amalanke ma an hana shi. Keken guragu ne kaɗai aka keɓe, shi ma sai da Majalisa ta fayyace haka cikin dokar naƙasassu ta 1990.

Illar wannan ita ce duk sa'ad da aka keɓe sabon ƙungurmin daji, masu kekuna sukan rasa turbobin da suka saba bi, kamar yadda ya faru a 2015 a duwatsun White Clouds na Jihar Idaho. Ta haka mutanen da ya kamata su haɗa kai wajen kare daji daga masu haƙar ma'adinai da masu saran itace suka zama abokan gaba. Su kansu masu kekunan kansu ya rabu. Babbar ƙungiyarsu, IMBA, wadda ƙananan ƙungiyoyi 5 na Kalifoniya suka kafa a 1988, ta zaɓi hanyar lallashi, har ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare daji ta Sierra Club a 1994. Waɗansu suka ga lallashin ya yi yawa, suka kafa tasu a 2015 domin neman a gyara dokar. An gabatar da ƙudurori a Majalisa a 2016 da 2017, ba wanda ya zama doka.

Hujjar da aka fi jefa wa masu kekuna ita ce suna haddasa zaizayar ƙasa, suna korar namun daji. Binciken masana bai goyi bayan wannan sosai ba. Wani bincike da Wilson da Seney suka buga a 1994, wanda suka yi a Jihar Montana, ya nuna kofaton doki ya fi tayar keke da takalmin mutum tone ƙasa. Wani da aka buga a 2003, wanda aka yi a tsibirin Antelope na Jihar Utah, ya nuna namun daji suna guje wa mai keke da mai tafiya ƙasa kusan daidai wa daida. Abin da ya fi lalata turba shi ne rashin tsara ta da kyau, yadda ruwan sama zai bi ta ya mai da ita kwazazzabo. Sai dai masu kare daji suna da amsa mai ƙarfi: mai keke yakan ci nisan da mai ƙafa ba zai ci ba a yini guda, ya kai hayaniya can cikin lungun da dabbobi suke fakewa. Ga kuma turbobin da waɗansu suke sarewa a ɓoye ba da izini ba, abin da ya zubar da mutuncin sauran a idon hukuma.

A ganina, asalin rigimar gudu ne. Mai tafiya ƙasa yana cin kimanin mil 3 cikin sa'a, mai keke kuwa ko ya bi doka yana iya ninka wannan sau 5. Dattijuwar da ta fito neman natsuwa, keke ya faɗo mata daga kwana a turbar da ba ta fi kamu biyu ba, ko bai taɓa ta ba ya riga ya raba ta da abin da ta fito nema, kuma wataƙila ba za ta sake komawa ba. Wannan hasara ce ta gaske, amma ba ta aunuwa da ma'auni, shi ya sa in an zo gaban hukuma sai a fake da maganar zaizayar ƙasa. Akwai ƙa'idar da ake kafewa a alluna, cewa mai keke ya kauce wa mai ƙafa da mai doki, mai ƙafa kuma ya kauce wa mai doki, amma wa zai tsare kowace kwana ya ga an bi ta?

Sauran ƙasashe kowace da dabararta. A Ingila da Wels, dokar 1968 ta yarda keke ya bi hanyar dawaki, ban da turbar ƙafa. A kan dutsen Snowdon na Wels rabon lokaci aka yi bisa yarjejeniya: daga watan Mayu zuwa ƙarshen Satumba masu kekuna sukan ƙaurace wa manyan hanyoyin hawa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 5 na yamma. Jihar Baden-Württemberg ta Jamus faɗi ta duba, ta hana keke bin hanyar dajin da ba ta kai mita 2 ba. Sikotilan kuwa da dokarta ta 2003 ta buɗe kusan ko'ina ga kowa, muddin zai yi hattara da haƙƙin wani.

Ana cikin haka sai ga keke mai batir, wanda yake taimaka wa mahayi wajen hawa tudu, ya sake dagula lissafi, domin tsohuwar hujjar nan ta cewa ƙafar mutum ce kaɗai ke tura keke ta raunana. A 2019 Ma'aikatar Cikin Gida ta Amurka ta ba da umurnin a sauƙaƙa masa shiga filayen da ke hannunta.

A can Tamalpais kuwa, a 2024 Hukumar Ruwa ta Marin ta yanke shawarar yin gwaji: ta buɗe wa kekuna kimanin mil 7 na siraran turbobi na ɗan lokaci, ta kuma bar keke mai batir ya shigo, domin a ga abin da zai faru. Ƙungiyoyi 3 masu kare tsirrai da tsuntsaye suka garzaya kotu, suka ce ba a yi binciken illa ga muhalli da dokar jihar ta 1970 ta wajabta ba. A watan Oktoba na shekarar, gab da ranar da za a fara, alƙali ya ba da umurnin a dakata.