Siminti ne ya kashe ciyawar, ko tifa? Gaskiya da jita-jita a Sabon Ibadan

Duk inda aka gama gini a unguwar Sabo ta Ibadan, ko aka haƙa sokawe, ko aka gyara kwata a ƙofar gida, sai an bar wani ƙeƙasasshen fili da ciyawa ta ƙi komawa. Nan take za ka ji hukuncin 'yan unguwa: "Ai ƙasar ta sha siminti, ta mutu ke nan, a daɓe ta kawai." Unguwar da aka kafa tun 1916 ta cika maƙil da gidaje, don haka ɗan koren da ya rage a harabar masallaci ko makarantar Islamiyya ya cancanci a tantance maganganun da ake yi a kansa.

Maganar siminti akwai ƙanshin gaskiya a cikinta. Inda birkiloli suka kwaɓa shi a ƙasa, ko suka riƙa zubar da ruwan wankin baro da shebur, saiwa tana ƙonewa, domin kaifin ruwan irin na toka da kanwa ne, har ya fi su. Amma cewa ƙasar ta mutu har abada ba haka ba ne. Ɓarnar yawanci a sama take. Idan aka kankare dunƙulen da ya daskare, aka tsince ɓaraguzan bulo, aka kwashe ƙasar da ta yi fari-fari, ruwan sama zai wanke saura a hankali, kuma Ibadan tana samun fiye da milimita 1,000 a shekara.

Babban mai laifin ba a cika ambatonsa ba: dannewa. Tifar yashi ta taka wurin, an jibge bulo da tsakuwa na watanni, leburori sun yi ta zirga-zirga a kai cikin damina. Ƙananan kafofin da iska da ruwa ke bi a cikin ƙasa sun toshe, saiwa ba ta da hanyar kutsawa. Ƙari a kan haka, masu haƙa kan binne baƙar ƙasar sama, su baje jar ƙasa da marmarar da suka tono daga ƙasan rami. Gwajin ba ya cin ko kwabo: bayan an yi ruwa, ka soka guntun rodi a wurin, sannan ka soka inda ciyawa take lafiya. Hannunka zai faɗa maka bambancin.

Daga nan ne jita-jita ta biyu ke faɗuwa, wato cewa a sayo baƙar ƙasa a shimfiɗa a kai shi ke nan. Ciyawar za ta yi kore na 'yan makonni, mai gida ya yi murna. Amma saiwarta tana isa dandararriyar ƙasar za ta kwanta a gefe, ruwa ya taru a tsakani, kuma da yake Sabo gangare ce a gefen tudun Mokola, mamako ɗaya ya isa ya kwashe sabuwar ƙasar zuwa kwata. Sai an fara sa diga an farfasa zurfin kamar santimita 20 zuwa 30, an cakuɗa tsohuwar ƙasa da sabuwa da ruɓaɓɓen taki, sannan a daidaita da manjagara. Aikin da kowa ke gudu ke nan, kuma shi ne aikin.

Na ce ruɓaɓɓe da gangan. Kashin tumaki da na shanu ba ya wuya a Sabo, musamman gab da Babbar Sallah, amma ɗanyensa yana ƙona ƙaramin dashe, yana kuma ɗauke da irin ciyayin da ba a gayyata ba. A tara shi ya huce tukuna. Yuriya ma ba ta sassauta ƙasa. A bari sai dashe ya kama, a watsa kaɗan, a bi da ruwa.

Wasu kuma cewa suke: "Bar wurin, damina za ta mayar da ciyawar." Wani abu zai fito, babu shakka, sai dai tofa da aya-aya ne ke riga kowa, kuma wanda ya taɓa faɗa da saiwar tofa ya san ba a gama shi a shekara guda. Gara a dasa abin da ake so. Kiri-kiri tana jure tattaki da rana, amma ba ta son inuwa. Inda bango ko bishiya suka rufe, ciyawar kafet mai faɗin ganye da masu lambun bakin titi ke sayarwa ta fi dacewa. Ana dasa su ne da 'yan rassa masu saiwa, tazarar taƙi guda, daga Afrilu zuwa Yuni. Wanda ya makara ya jira ruwan Satumba, kada ya dasa a tsakiyar ɗan tsaikon da ruwa kan yi a Agusta sai in zai yi ban-ruwa. A kuma kewaye wurin, don akuya ba ta san an kashe kuɗi ba.

Saura masu cewa ciyawa ce ke haifar da sauro da macizai. Sauro a kwantaccen ruwa yake ƙwai, kuma dannanniyar ƙasa ce ke riƙe ruwan. Doguwar ciyawa dai maɓoya ce, a nan sun yi gaskiya, maganinta kuwa yanka. Tarin ɓaraguzan da aka bari a lungu ya fi gajeriyar ciyawa tara ɓeraye da abin da ke farautarsu.

Masu son a daɓe ko'ina su tuna cewa ruwan da ƙasa ba ta sha ba kwata yake bi, ya ƙara wa rafuka irin su Ogunpa nauyi, kuma Ibadan ba ta manta ambaliyar 1980 da ta Agustan 2011 ba. Idan za ka fara gini, sa a kwashe baƙar ƙasar sama a tara ta gefe, ka ware wa birkila wuri ɗaya na kwaɓi, ka kuma sa kwashe ɓaraguzai cikin jinga kafin ka biya cikon kuɗi.