Lambar da ta fi ƙarfin rumbun sarki

Malam Ibn Khallikan, marubucin tarihi na ƙarni na 13, ya kawo labarin wani mai hikima a ƙasar Indiya wanda ya ƙago wasan shaɗaranji, wata irin dara mai gidaje 64. Da sarki ya ce ya faɗi ladansa, sai ya roƙi ƙwayar alkama 1 a gidan farko, 2 a na biyu, 4 a na uku, ana ninkawa har gidan ƙarshe. Sarki ya raina roƙon, amma da masu lissafin fada suka zauna, sai ido ya raina fata. Jimillar ita ce 18.446.744.073.709.551.615.

In aka auna wannan alkama, ta fi abin da duniya duka take nomawa yanzu cikin shekaru dubu. Abin mamaki kuma, rabin allon na farko, wato gidaje 32, bai wuce ƙwaya 4.294.967.295 ba. Gidan ƙarshe shi kaɗai ya fi sauran 63 gaba ɗaya da ƙwaya guda tak.

Masana sun tsaga wannan lamba, sun tarar ta samu ne daga buga lambobi bakwai da juna: 3, 5, 17, 257, 641, 65.537 da 6.700.417. Kowacensu ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da kanta. Akwai tarihi a nan. Bafaranshen nan Fermat ya lura cewa 3, 5, 17, 257 da 65.537 jeri ɗaya ne, ya kuma zaci ta shidarsu, 4.294.967.297, ita ma ba ta rabuwa. A shekara ta 1732 Euler, ɗan ƙasar Suwis, ya nuna cewa 641 tana raba ta, abin da yake fitowa kuwa shi ne 6.700.417.

A yau lambar tana cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa: ita ce mafi girma da ake iya rubutawa a gurbi 64 da sifiri da ɗaya kawai.

'Yan kasuwa da ma'aikata, a yi hattara da ninki. Bashin jika ɗari da ake ɗora wa ruwan kashi 10 cikin ɗari kowane wata, ruwa bisa ruwa, ya haura jika ɗari biyu cikin wata takwas. Kafin a sa hannu a takarda, a yi lissafi har gidan ƙarshe.