Akwatin Imel Zaure Ne, Ba Rumbu Ba

A zangon karatun da ya wuce wani abu ya same ni a makarantarmu wanda har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. An aiko mana da wasiƙa ta imel cewa mu duba sunayen yaran ajin ƙarshe da ranakun haihuwarsu kafin a rufe rajistar jarrabawa. Wasiƙar ta iso lafiya lau, amma ta nutse cikin wasu fiye da 3,000 da na bari suka taru a kwamfutar ofis. Sai ana saura kwana 2 a rufe hedimasta ya tambaye ni labarinta. Da muka tono ta muka duba, ashe an rubuta sunan wata yarinya ba daidai ba, kuma da haka zai fito a takardar shaidarta. Allah ya rufa asiri muka gyara, amma laifin nawa ne ni kaɗai.

Manhajar da muke amfani da ita sunanta Thunderbird, wadda Mozilla ta fitar a shekarar 2004, kuma kyauta ake samun ta. Amfaninta a wurinmu shi ne tana sauko da wasiƙu cikin kwamfuta, ko intanet ya ɗauke mutum zai karanta abin da ya riga ya shigo. Mai amfani da Outlook ma zai tarar da yawancin abin da zan faɗa, sai dai sunaye da maɓallai sun bambanta.

Kuskurena shi ne na mai da akwatin shigowa rumbu. Alhali zaure ne, wato inda baƙo yake tsayawa a gaisa a ji abin da ya kawo shi, sannan ko a shigar da shi ko a sallame shi. Yanzu duk wasiƙar da na buɗe sai na yanke mata hukunci nan take. In amsar layi biyu take buƙata, na amsa. In ba ta da amfani, na goge. In kuwa ta ajiya ce, sai in danna harafin A, ta bar zauren ta koma ma'ajiya, inda manhajar take jera wasiƙu shekara-shekara. Ga mai adireshin Gmail, tana komawa ne foldar da ke ɗauke da dukkan wasiƙu. Ba ta ɓata ba, domin in ka danna Ctrl da K ka rubuta sunan wanda ya aiko ko wata kalma ɗaya daga ciki, za ta fito.

Saboda wannan bincike ne ma ban ga dalilin yawan folda ba. Wani abokin aikina ya buɗe folda kusan 30, har ya koma yana neman foldar kafin ya nemi wasiƙar. Ni 4 sun ishe ni: ofishin ilimi, iyayen yara, jarrabawa, da harkokin gida.

Wasiƙar da ke da wa'adi kuwa alamar launi nake sa mata. Danna lamba 1 na mai da ita ja, wato muhimmiya, lamba 4 kuma shuɗiya, wato aikin da ke jira. In an gama sai a danna 0 alamar ta fita. Akwai kuma abin da nake kira rariya. Umarni ne kake ba manhajar cewa duk wasiƙar da ta zo daga adireshi kaza a kai ta folda kaza. Amma a yi hattara. Rariya ta dace da talla da sanarwar ƙungiyoyi. Wasiƙar ofis kada ka bari a wuce da ita inda idonka ba ya zuwa kullum, gara ka ce rariyar ta shafa mata ja ta bar ta a zaure.

To, ga abin da ya fi duk waɗannan nauyi, wanda kuma mutanenmu da yawa ba su sani ba: ina ainihin wasiƙunka suke zaune? Hanya biyu ce ake haɗa manhaja da adireshi. Ta farko ana kiran ta POP, ita tana kwaso wasiƙu zuwa kwamfutarka, kuma sau da yawa bayan 'yan kwanaki ta share su daga wurin kamfanin. Ran da kwamfutar ta ƙone, ko ɓarawo ya ɗauke, shi ke nan. Ta biyu ita ce IMAP, wadda ke barin wasiƙu a wurin kamfani, kwamfuta da waya duk abu ɗaya suke gani. Ita ma da nata haɗarin, domin abin da ka goge a ofis ya tafi har a wayarka. Gmail yana riƙe abin da aka jefa kwandon shara kwana 30 ne kawai, daga nan ya share. Don haka ka shiga saitin adireshinka yau ka ga wacce aka ɗora ka a kai.

Wani abin mamaki kuma, gogewa ba ta rage nauyin folda nan da nan. Manhajar ɓoye wasiƙar kawai take yi, sai an matse foldar sannan wurin yake dawowa. In ta tambaye ka izinin matsewa, ka amince, amma ba lokacin da wuta ke wasa ba. A wurin Gmail kuwa gigabait 15 ne rabon kowa na kyauta, tare da hotuna da takardun da ya ajiye a Google. In ya cika sababbin wasiƙu ba sa shigowa. Jera wasiƙu bisa girmansu ka fara da masu ɗauke da hoto da bidiyo, su ne ke cinye wurin.

Ni dai kowace Alhamis bayan an tashi nakan zauna minti 15 in share zauren. Ƙarshen kowane zango kuma in kwafe dukkan ajiyar manhajar a filashi, domin tana da wurin fitar da ita dunƙule guda. Filashin a gida yake kwana, ba a aljihun teburin da kwamfutar take ba.